Aljihun Kaki

Ni ne Sallau mai wanki da guga,
rumfata na Zango, bayan masu faci.
Shekara goma sha ɗaya nake wanke kayan 'yan sanda,
kafin ruwa ya taɓa riga
hannuna ya riga shi shiga aljihu.

Mutanen gari sun san usur, sun san kulki.
Ni abin da aka mance na sani.

Ran Litinin, a wandon Birgadiye Mutari,
'yan ɗari biyar-biyar guda huɗu,
an nannaɗe su ƙanana kamar laya,
irin nannaɗin da ke ɓuya cikin musabaha.
Na san shi.
Ɗana Barma ya iya shi
tun watan da ya hau kabu-kabu.

A ɗaya aljihun, takardar likita,
ta sha ninki har ta huje a tsakiya:
maganin sikila, sunan yarinya, shekara shida.
Babu hatimin farmasi a kanta.
Na ajiye su bisa dutse, kuɗin da takardar,
na rasa wanne zan danne da wanne.

Ruwa a Damagaram ba abin wasa ba ne.
Jarka biyu na saya hannun ga-ruwa
don in fid da zufar shataletale,
wadda ta yi gishiri a hammata, ta zana taswira a baya,
taswirar mutum da ya wuni tsaye
ana zaginsa ciki-ciki, ana ce masa ranka ya daɗe.

Ran Laraba rigar ta zo da jini a kafaɗa.
Ban tambaya ba.
A wurin mai shayi magana ta rabu biyu:
wasu suka ce na yaron da suka doka ne,
wasu suka ce 'yan fale suka sari wani cikin dare,
shi ya saɓa shi har asibiti, da ƙafa.
Na jiƙa, na cuɗa, na sake cuɗawa.
Sabulu bai san bambanci ba.

Ran Alhamis aka kama babur ɗin Barma.
Ba lasiransi, ba hular kwano.
Ya dawo gida a ƙasa, ya ƙi tuwo,
ya ce: Baba, kai ke goge musu kaki
su tsaya tsaf su ci mu.
Ban ce masa da kuɗin gugar aka yi masa kaciya ba.
Ban tuna masa daren da aka fasa shagon Illiya ba,
wa ya fara ihun a kira polis.

Juma'a da safe, ga makullin a aljihun ƙirji.
Ko cikin dubu zan gane shi:
jar fatar majemar Birni ce uwarsa ta ɗaura masa.
Ya yi nauyi a tafina fiye da dutsen guga.

Na hura gawayi. Na fid da kari.
Na ninke, na ɗora makullin a sama, inda ido zai gani.

Da ya zo ya dube shi, ya dube ni.
Naka ne?
Na ce, ɗana ne.
Ladan ya yi kira, ya gama, ba mu ce komai ba.
Ya sa makullin a aljihu.
Ya ce: gobe ya zo komisariya da takardu.
Sannan ya ƙirga kuɗin wanki cif,
har da bashin watan jiya,
abin da bai taɓa yi ba.

'Yan ɗari biyar-biyar ne.
Har yanzu suna lanƙwashe,
sun ƙi miƙewa a hannuna.

Takardar yarinyar kuwa na mayar masa inda take.
Na goge ta ita ma,
da wuta kaɗan.